Yadda ake ajiye aikin albashi a mayar da jawabi a gaban jama'a sana'a

Ranar da aka fara ba ni kuɗi don na yi magana a taro, a bakin ƙofa aka miƙo mini ambulan, ana cewa, "Malam, ga na mai, a yi haƙuri ba yawa." Ban buɗe ba sai da na shiga mota. Abin da ke ciki bai kai abin da na kashe wajen buga takardun da na raba wa mahalarta ba. Kwana tara ina shirya wannan lacca bayan na taso daga banki, wani lokaci har ɗaya na dare. Kuma ba zan ce an cuce ni ba, domin ba mu yi ciniki da kowa ba. An gayyace ni, na ce to, na zo.

A nan matsalar wannan sana'a take a ƙasar Hausa. Muna girmama mai iya magana, amma hanya biyu kaɗai muka saba ba shi abu. Maroƙi da sanƙira kyauta ake yi musu, gwargwadon yadda suka fasa kan mai kuɗi. Malami kuwa ihsani ake yi masa, kuma abin kunya ne ya faɗi farashi. Kai da kake son ka ci abinci da jawabi, wuri na uku kake nema: mai sana'a, kamar lauya ko injiniya, wanda ake yin ciniki da shi kafin ya fara aiki. Duk matakan da zan zayyana hanyar isa wannan wurin ne.

Fara da sanin abin da kake sayarwa

Masu riƙe makirufo don kuɗi iri-iri ne. Akwai MC, mai gabatar da taro, daga dinar biki zuwa ƙaddamar da littafi. Akwai babban baƙo mai jawabi, wanda ake ba minti talatin ko arba'in. Akwai mai jan ragamar tattaunawa, ya zauna tsakanin masana yana yi musu tambayoyi. Sai mai ba da horo a taron bita, wanda zai wuni ɗaya ko kwana uku da ma'aikata. A ganina na ƙarshen nan shi ne mai riƙe gida. Baƙo mai jawabi ya fi suna, amma kamfani yana da kasafin horar da ma'aikata duk shekara, ba shi da kasafin tafi.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ya ce shi "mai ƙarfafa gwiwa" ne. Wannan kasuwar ta cika, kuma kyauta ake samunta a TikTok. Ba wanda zai fitar da kuɗi don a gaya masa ya dage zai yi nasara. Jarinka yana cikin aikin da kake shirin bari. Idan ka shekara goma a banki, ka san dalilin da ya sa ake hana ɗan kasuwa rance, ka kuma ga yadda shago ke mutuwa saboda mai shi bai raba kuɗin kaya da kuɗin cefane ba. Idan ma'aikaciyar jinya ce ke, kin san yadda kalma ɗaya a wurin yankar kati ke korar majinyaci daga asibiti. Malamin makaranta ya san yadda ake riƙe aji mai yara tamanin. Waɗannan ne abubuwan da ake saye.

Ɗauki takarda ka rubuta jimla ɗaya: ina koya wa su wane yadda za su yi kaza. Tawa ita ce, ina koya wa masu shaguna da yaransu yadda za su rubuta shige da ficen kuɗi har banki ya yarda da lissafinsu. Idan jimlarka ta ƙi fita a numfashi ɗaya, ba ka gama tunani ba. Sannan ka ƙara tambaya ta biyu, wadda ni sai da na sha wuya na gane ta: wa zai biya? Mai sauraro daban, mai biya daban. Yaran shago ne za su zauna a gabanka, amma maigidansu ko ƙungiyar 'yan kasuwa ko bankin da ke neman su buɗe asusu shi zai sa hannu a aljihu. Da shi za ka yi magana.

Kada ka ajiye aiki tukuna

Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Tafin da aka yi maka a taro ɗaya ba ya nufin kasuwa ta buɗe. Ka fara a ranakun Asabar da Lahadi da lokacin hutunka, albashi na shigowa.

Sai dai ka duba ƙa'idar inda kake aiki. Idan ma'aikacin gwamnati ne kai a Najeriya, kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na biyar da ya shafi ɗa'ar ma'aikata, ya hana ma'aikacin cikakken lokaci gudanar da wata sana'a ta ƙashin kansa, in ban da noma. Saboda haka za ka iya yin atisaye, ka yi lacca a ƙungiyar unguwa ko ta tsofaffin ɗalibai, amma buɗe kamfanin horaswa kana karɓar kwangila alhali kana kan kujera, neman rigima ne. Idan kamfani kake wa aiki, ka koma ka karanta takardar ɗaukarka aiki. Da yawa suna da sharaɗi a kan aikin waje, musamman da abokan cinikinsu.

A wannan lokacin ka tara kuɗin da zai riƙe gida. Ka zauna ka lissafa haya, abinci, kuɗin makaranta, magani, mai, da abin da kake aika wa iyaye, ka ga nawa ne a wata. Ni shawarata kada ka rubuta takardar ajiye aiki sai kana da na wata tara a ajiye, kuma an biya hayar shekara. Wata shida da ake yawan faɗa ya yi kaɗan a inda za ka yi aiki a Maris a biya ka a Agusta. Dokar fansho ta 2014 ta yarda wanda ya bar aiki kafin ya kai shekara 50, kuma ya yi wata huɗu bai sami wani ba, ya cire har kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusun fanshonsa. Ka san da wannan, amma kada ka sa shi cikin lissafin jari. Na ranar da ruwa ya ƙare wa ɗan kada ne.

Ka kuma yi magana da iyali tun da wuri. Lokacin da na gaya wa mahaifiyata, shiru ta yi, sannan ta ce, "Wato banki za ka bari ka koma roƙo?" Ban yi gardama ba. Taron bita na gaba na sa ƙanina ya ɗauki bidiyo, na kai mata ta ga dattawan kasuwa zaune da biro da littafi suna rubutu. Ta kalla har ƙarshe ta ce, "Au, koyarwa ce." Daga nan ta sa albarka.

Gina jawabi ɗaya ka goge shi

Ɗaya na ce, ba biyar ba. Mafari yakan so ya nuna ya san komai: yau tarbiyya, gobe noma, jibi shugabanci. Wanda ake kira a biya shi ne wanda in an ambaci wata matsala sunansa ke faɗowa.

Ga yadda nake ginawa. Na farko, labari guda na gaske da ya faru a gabana, ba tare da sunan kowa ba, wanda mai sauraro zai ga kansa a ciki. Sannan abubuwa uku da nake so ya tafi da su, ba su wuce uku ba, kowanne da misalin da za a iya taɓawa. Idan ina maganar lissafin shago, littafi mai bangon kwali nake ɗagawa, in ja layi biyu a allo a gabansu, in sa wani ya faɗi cinikinsa na jiya mu rubuta tare. Daga ƙarshe abu guda da mutum zai iya yi gobe da safe kafin ya buɗe shago. Ka shirya wannan jawabin a tsawo uku: na minti 15, na minti 45, da na wuni guda mai aikin rukuni a ciki. Za ka ga amfanin na minti 15 ɗin ranar da shugaban taro ya cinye lokacinka.

Sai atisaye, kuma ba a zuci ba. Jingina waya a taga, ka tsaya da ƙafafunka, ka yi jawabin da ƙarfi daga farko har ƙarshe, sannan ka kalla. Kallon farko ba daɗi. Ni na ƙirga "ka gane ko" sau ashirin da wani abu a cikin minti goma, ga hannuna ɗaya yana ta gyaran hula kamar za ta gudu. Ƙungiyar Toastmasters, wadda aka kafa a Amurka a 1924 kuma tana da rassa a Abuja da Legas, a kan wannan ta ginu: mutum ya yi jawabin minti biyar zuwa bakwai, wani na riƙe da agogo, wani na ƙirga kalmomin cike gurbi, wani ya tashi ya faɗa masa inda ya gyara da inda ya ɓata. Idan babu reshe kusa da kai, haɗa abokai biyar masu gaskiya ku riƙa yin haka duk mako biyu. Masu gaskiya na ce. Wanda zai ce "wallahi ka burge" kullum ba shi da amfani a nan.

Ka saurari na gaba. Nemo jawaban marigayi Ɗan Masanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, wanda ya rasu a 2017, suna nan a YouTube. Kada ka kwaikwayi muryarsa, da yawa sun gwada sun zama abin dariya. Ka lura da inda yake yin shiru, da yadda yake maimaita jimla yana ɗaga ta kaɗan-kaɗan. Haka jawabin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa a Majalisar Ɗinkin Duniya a Oktoban 1960, ka ji yadda ba ya gaggawa ko kaɗan. Su biyun nan malaman makaranta ne kafin siyasa. Aji ne ya goge su, wato tsayuwa kullum a gaban mutanen da ba sa ɓoye gajiyarsu.

Maganar harshe kuma, ka yanke shawara tun kafin ka hau. Hausa tsantsa ga 'yan kasuwa, Turanci ga taron ma'aikatan kamfani in haka suka nema. Ingausa tana da wurinta a tsakanin matasa, amma kada ta zama mafakar wanda bai iya ko ɗaya ba. Wanda zai iya bayyana ribar banki, inshora ko haraji da Hausar da tsoho a kasuwar Dawanau zai gane, yana da abin da masu zuwa daga Legas da kwat ba su da shi, kuma ƙungiyoyin agaji da bankuna suna nemansa. Wani abu kuma: idan za ka kawo aya ko hadisi, ka tabbatar da shi wurin malami tukuna. A kowane zaure akwai wanda ya fi ka sani, kuma kuskure ɗaya a nan yana shafe duk sauran abin da ka faɗa.

Yi kyauta, amma da sharaɗi da iyaka

Ba wanda zai biya wanda bai taɓa gani ba. Saboda haka za ka yi wasu tarurruka ba ko sisi. Wuraren suna da yawa: ƙungiyoyin ɗalibai a BUK ko ABU Zariya, sansanin masu yi wa ƙasa hidima inda ake da shirin koyar da sana'o'i, taron iyaye da malamai, ƙungiyoyin kasuwa, ƙungiyoyin mata irin FOMWAN. Gidajen rediyo irin Freedom da Rahama a Kano kullum suna neman baƙon da ya san abin da yake faɗa, kuma rediyo har yanzu yana kai murya inda Facebook ba ya kaiwa. Tarurrukan gajerun jawabai na TEDx, waɗanda ake ɗauka a bidiyo a sa a intanet, su ma ba sa biyan mai jawabi, kuma ba a wuce minti 18, amma bidiyon da za ka samu yana da tsabta.

Sharaɗin shi ne kada ka fito hannu rabbana. Kafin ka amsa gayyata ka ce za ka zo da mai ɗaukar bidiyo, kana son takardar godiya a kan takarda mai tambarin ƙungiyar, kuma a ba ka dama a ƙarshe ka faɗi lambar wayarka. Ka sayi ƙaramin makirufon da ake maƙalawa a wuyan riga, domin bidiyo mai duhu ana iya haƙuri da shi, amma mai sautin amsa-kuwwa ba mai kallo. Daga waɗannan za ka yanko bidiyon minti biyu, wanda ke nuna fuskokin masu sauraro ba taka kaɗai ba. Shi ne samfurin kayanka.

Iyakar kuwa, ka sa wa kanka adadi. Ni goma sha biyu na yi. Bayan nan kyauta ta koma zaɓi: marayu, makarantar da na yi, masallacin unguwa. Idan aka kama otal, aka yi abinci, aka biya mai lasifika da mai kujeru, to ba taron da ba kuɗi ba ne. Kai ne kawai aka ga za a iya ci da haƙuri.

Takardu

Wannan ba ya ɗaukar dogon bayani. Yi rajistar sunan kasuwanci da hukumar CAC, ana yi ta intanet. Dokar kamfanoni ta 2020 ma ta yarda mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai. Samu lambar haraji, ka buɗe asusun banki da sunan kasuwancin, ka daina karɓar kuɗin aiki a asusunka na cefane. Idan horar da ma'aikata za ka yi, nemi shaidar amincewa daga cibiyar CMD, wadda ke tantance masu ba da horo a Najeriya, domin ma'aikatu da manyan kamfanoni sukan tambaye ta. Ka kuma san cewa kamfanonin da doka ta shafa suna zuba daidai da kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansu a ITF, asusun gwamnati na horar da ma'aikata, kuma ana mayar musu da wani kaso idan sun horar da ma'aikata bisa ƙa'ida. Manajan da ya san haka ba ya ganin horo a matsayin asara. Sai takarda mai shafi ɗaya: hotonka, jimlar nan taka, jawabai biyu ko uku da kake yi, inda ka taɓa yi, da lambar waya. Shafi ɗaya, ba tarihin rayuwa ba.

Farashi, inda yawancinmu ke faɗuwa

Kunya ce ke kashe wannan sana'a. Za a kira ka a yi ta yabo, a faɗi rana da wuri, ba a ambaci kuɗi ba, kai ma ka ji nauyin ambata. To tun ran gini tun ran zane. Ga yadda nake yi yanzu. Bayan gaisuwa sai in tambaya: su wa za su zauna, mutum nawa ne, me kuke so su iya bayan sun tashi, minti nawa ne nawa, a ina ne? Sannan in ce, "Alhaji, me aka ware wa mai jawabi?" In ya ce, "Ai ba za mu iya biyanka ba, sai dai mu yi maka alheri," sai in ce, "Allah ya saka da alheri. Bari in turo maka takarda yau da yamma ka ga yadda nake aiki, in ya yi daidai da ku sai mu tsayar da rana." Ban yi rashin kunya ba, ban kuma yi alkawari ba. Takarda tana faɗin abin da baki ke jin nauyi.

Wajen yanke farashi kada ka ƙirga mintunan da za ka yi a kan mumbari kawai. Jawabin minti arba'in yana cin kwana biyu na shiri, wuni ɗaya na tafiya da jira, wani lokaci da kwana a hanya. Yi lissafi daga gida: a ce gidanka da sana'arka suna buƙatar naira 600,000 a wata, kuma a gaskiya ba za ka sami fiye da aiki huɗu a wata ba, to duk aikin da ya gaza 150,000 bayan an cire mota da masauki cin uwar kuɗi ne. Adadin naka zai bambanta, hanyar lissafin ce ɗaya. Ka riƙe farashi uku: na kamfanoni da hukumomi, na makarantu da ƙananan ƙungiyoyi, da wanda ba ka sauka ƙasa da shi ko wa ya roƙa. Idan aka nemi ragi, rage aiki tare da kuɗi: wuni ɗaya ya koma rabin wuni, ko su buga takardun da kansu. In ka rage kuɗi kawai, ka gaya musu da ma ƙari ka yi.

A takardar ka rubuta rana, wuri, tsawon lokaci, kuɗi, wanda zai ɗauki nauyin mota da masauki, abin da zai faru in an ɗage taro, da ko an yarda su ɗauki bidiyo su yi amfani da shi. Kuma ka karɓi kafin alƙalami, rabi, kafin ka toshe ranar. Na taɓa yi wa wata hukuma horon kwana biyu a wata jiha ba tare da shi ba, saboda wanda ya gayyace ni abokin karatuna ne. Na biya motata, na biya otal, aka ce fayil yana ofishin akanta. Sau shida ina komawa. Kafin kuɗin su fito an yi wa abokin nawa canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi ya ce bai san zancen ba. Bayan wata goma sha ɗaya aka biya, lokacin kuɗin sun riga sun zube daraja.

Abu biyu za su ba ka mamaki. Na ɗaya, kamfanoni da hukumomi suna cire haraji tun daga tushe kafin su tura maka, saboda haka abin da zai shigo bai kai abin da ka rubuta ba. Ka nemi takardar shaidar cirewar, za ta yi maka amfani wajen lissafin harajinka. Na biyu, wata rana wani zai ja ka gefe ya ce ka rubuta ninki biyu, in an biya ka dawo masa da rabi. Ka ƙi. Ban da haramcinsa, sunanka ne a kan rasit, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. La'ada ta fili ga wanda ya kawo maka aiki daga waje, wanda ba ma'aikacin wurin ba ne, wannan ciniki ne, ka faɗi kasonsa tun farko.

Neman aiki da sanin lokutan shekara

Aikin farko daga mutanen da suka san ka yake zuwa: tsofaffin abokan aiki, abokan ciniki, 'yan ajinku. Rubuta sunaye hamsin. Kowanne ka kira shi ko ka je takanas, kada ka tura saƙon bai-ɗaya a zauren WhatsApp. Ka faɗa masa jimlarka, ka tura bidiyon minti biyu, ka tambaye shi wa ya sani da ke da wannan matsalar. A kamfani, mai kula da ma'aikata shi ne ƙofarka. A makaranta mai ita. A kasuwa shugaban ƙungiya da sakatarensa. A kafafen sada zumunta kuma ka riƙa sa gajeren bidiyo ɗaya ko biyu a mako a kan batunka kaɗai. Mabiya dubu ɗari masu dariya ba su kai manajoji ashirin masu kasafi ba.

Shekara tana da tudu da kwari. A azumi tarurrukan bita suna tsayawa kusan cak. Bayan sallah bukukuwa suke ɓarkewa, kakar MC ke nan. Makarantu masu zaman kansu suna horar da malamai a dogon hutu, kafin komawa a Satumba, don haka a Yuni za ka kai musu takarda. Kamfanoni suna tsara kasafin baɗi a watannin ƙarshen shekara, suna kuma yin tarurrukan bitar shekara a Disamba da Janairu. Kasuwar baje koli ta Kano a ƙarshen shekara da ta Kaduna a farkonta wurare ne da za ka ga masu kamfanoni da yawa a wuni ɗaya. Lokacin zaɓe kuma kuɗi na yawo, za a neme ka ka riƙe makirufo a gangami. Ka yi tunani sosai. Ranar da ka yi wa ɗan takara kirari, rabin masu gayyatarka sun sa maka hular jam'iyya, kuma ka koma layin da ka sha wahalar fita daga cikinsa.

Ranar taro

Ka isa da awa ɗaya kafin lokaci ko da ka san ba za a fara a kan kari ba. Gwada makirufo, ka tsaya a bayan zaure ka ga ko ana ganin allo. Ka gaisa da mai kula da na'urori, ka san sunansa, shi ne zai cece ka. Ka shirya kamar ba majigi: wuta za ta ɗauke, janareta zai ɗauki minti goma kafin ya tashi, kuma idan jawabinka a cikin kwamfuta yake ba a kanka ba, za ka tsaya kana murmushin yaƙe. Ka tambayi MC sunaye da sarautun manyan baƙi, ka rubuta, ka faɗe su daidai. Kiran Hakimi da Dagaci ba ƙaramin ɓaranɓarama ba ne. Amma ka taƙaita gaisuwar, waɗanda suka riga ka sun yi ta sau biyar.

Ka san lokacin azahar da la'asar a garin. Idan aka kira salla kana tsaka da magana, rufe jimlar ka tsaya. In an sa ka bayan cin abinci, fara da aikin da zai sa su tashi tsaye ko su yi magana da na kusa da su, in ba haka ba shinkafa za ta fi ka ƙarfi. Ruwa mai ɗumi, ba na firji ba, musamman da hunturu. Ka gama kafin a miƙo maka 'yar takardar "saura minti biyu". Bayan ka sauka kada ka yi saurin tafiya. Aiki na gaba yawanci a cikin waɗanda suka zo gaisawa yake. Washegari ka tura saƙon godiya tare da takardar neman cikon kuɗi.

Ajiye aikin

Alamar da na yi amfani da ita ita ce wata shida a jere kuɗin jawabi suna kai kashi biyu cikin uku na albashina, daga wurare daban-daban ba mutum ɗaya ba, kuma na fara ƙin karɓar aikin ranar Talata saboda ofis. Sannan na rubuta takarda, na ba da wa'adin da ke cikin yarjejeniyata, na miƙa komai a rubuce. Ka fita lafiya, kada ka zagi kowa ko da an ɓata maka. Ni tsohon wurin aikina yana cikin waɗanda suka fara ba ni aikin horo. Ka karɓi takardar shaidar barin aiki, ka tabbatar an zuba fanshonka har watan ƙarshe, ka kuma nemi wata inshorar lafiya idan ta ofis ce ke riƙe da iyalinka.

Kada ka dogara da gayyata kaɗai. Shirya taronka da kanka duk wata uku: ƙaramin zaure, mutum talatin, kowa ya biya kuɗin kujera kafin ranar. Aji a Telegram ko WhatsApp ga waɗanda ke nesa, har Maraɗi da Damagaram ana shiga. Ɗan littafi mai shafi arba'in da za a saya a bakin ƙofa. Sannan ka yanka wa kanka albashi daga asusun kasuwancin, adadi ɗaya duk wata, ko an samu da yawa ko kaɗan, rarar ta zauna don watan azumi.

Litinin ta farko bayan na bar banki, na tashi da asuba kamar kullum, na yi wanka, na sa kaya, sai na tuna ba inda ake jirana. Maƙwabcina ya gan ni a ƙofar gida wajen ƙarfe goma ya ce, "Lafiya dai, ko hutu ake?" Na ce aiki nake. Na koma ɗakin zaure inda na sa tebur, na buɗe littafin sunayen nan hamsin, na kira biyar. Uku ba su ɗauka ba, ɗaya ya ce in tuna masa bayan sallah, ɗaya ta ce in turo takarda kafin Laraba.